Irin Bagaruwar Baba Bawa

Talata, 9 ga Mayu 1978, da la'asar

Sun kama Baba Bawa.

Jiya da hantsi ma'aikatan gandun daji suka tare shi a bakin dajin Rugar Marke, da jakinsa da buhu biyu na bagaruwa. An ce har da soja a motarsu. Ni ban sani ba sai yau, da na je Tudun Wada kamar kullum, allunan hotunana a hammata. Na tarar da majemarsa shiru, ba ƙarar turmi, ba wannan waƙar tasa marar kai da gindi. Matarsa, Inna Delu, tana zaune a dokin ƙofa, ɗankwalinta a hannu.

Ta ce, "Da sunanai sunka zo, ɗiyata. A rubuce. Har da hanyar da yaka bi, da ranar da yaka zuwa."

Gabana ya faɗi. Na ce Allah ya fito da shi lafiya, na ce sau uku, na kasa samun wata maganar. Ni ɗin da Mama ke kira rediyo saboda surutu.

Wannan littafin Mama ta saya mini don in riƙa rubuta yadda aikin sa-kanmu yake tafiya. Jami'a ta rarraba mu, 'yan ajin ilimin tsirrai, unguwa-unguwa mu wayar wa jama'a kai a kan gandun daji: kada a sare, kada a ƙone, kada a kwasa. Ni aka ba Tudun Wada, wata biyu ke nan. Shafukan farko duk cika baki ne, "yau mutum arba'in suka saurare ni", "yau an tafa mini". Ɗazu na yage su.

Abin da ya sa gabana ya faɗi ba zan rubuta shi yau ba.

Laraba, 10 ga Mayu, da safe

Ban je Tudun Wada ba. Na ce wa Mama kaina ke ciwo.

Laraba, bayan azahar

Zafi kamar a tanda, fanka ta tsaya, wuta ta ɗauke tun safe. Ina kwance ina tuna ranar da na fara ganinsa.

Na tsaya a gindin dalbejiyar unguwa da allona, ina ta zuba, daji amana ne, hamada na tahowa. Sai wani tsoho gajere, hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwar hannu, ya matso ya ƙura wa allon ido. Ya ce, "Ɗiyata, wanga icce mi na?" Na ce bagaruwa ce, har da sunanta na boko na ƙara masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Wanda yaz zana wagga bagaruwa bai taɓa taka ƙayarta ba." Jama'a suka kwashe da dariya. Na ji haushi ƙwarai, na ce a raina wannan tsoho mai warin fata zai koya mini tsirrai?

Washegari na koma don in rama. Ya ba ni tabarma, Inna Delu ta kawo fura. Ya nuna mini yadda ake jima tun daga farko: a jiƙa fatar akuya, a sa ta a ruwan toka gashi ya saki, a kankare da wuƙa, a wanke, sannan a tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa, ita ce ke mayar da ɗanyar fata abin da baduku zai ɗinka. Ya ce in babu bagaruwa babu majemi. Tun ranar nake ce masa Baba, yake ce mini ɗiyata. Kullum sai ya tsokane ni, wai 'yar Sabon Gari mai toshe hanci da hankici ta zo gyara daji.

Ban rama ba har yau. Ko kuma na rama, ban sani ba.

Alhamis, 11 ga Mayu, da hantsi

To, bari in rubuta, tun da littafi ba ya da baki.

Malaminmu, Dakta Haruna, ya ba kowannenmu takardar tambayoyi mu cike a unguwarmu. Layi-layi take: suna, sana'a, abin da ake ɗauka daga gandun daji, yawansa, wurin da ake ɗauka, sau nawa. Wasu a gindin mangwaron makaranta suka zauna suka ƙirƙiro tasu. Ni kuwa na ce sai tawa ta fi ta kowa.

Na roƙi Baba Bawa ya kai ni inda yake samun bagaruwarsa. Ya yi ta nuƙu-nuƙu mako biyu, ya ce ko ɗansa Sule sau biyu kaɗai ya kai. Ƙarshe ya ce, "Taho, ke ɗiyata ce." Muka tafi ran wata Litinin, shi a ƙasa, ni a kan jaki, yana ta yi mini dariya. Bayan wani busasshen rafi, cikin kwari, sai ga su. Ban taɓa ganin bagaruwa haka ba, manya-manya, sun fi ɗari, ƙanana na tasowa a tsakaninsu, kowace ƙarama an kewaye ta da ƙaya saboda awaki.

Ba ya sara, ba ya kaɗawa da sanda. Wadda ta faɗo yake tsinta. Kuma ya gaya mini, da bakinsa ya gaya mini: in an daka bagaruwa ɓawon ake so, ƙwayar ba ta da amfani a jima, sauran majema zubar da ita suke a bola. Su a gidansu tarawa ake a buhu, in ruwan farko ya sauka a mayar da ita daji a shuka. Kakansa ya fara, tun Turawa ba su kafa duwatsun iyaka ba. Ya ce ƙwayar da ba ta shiga turmi ba nauyin barci gare ta, ba ta tsirowa da wuri. A aji ma an koya mana sai an ƙarce ɓawon irin kafin ya tsiro. Na tsaya baki buɗe.

Na dawo na cike takarda. Suna: Bawa. Sana'a: jima. Abin da ake ɗauka: bagaruwa. Yawa: buhu biyu duk mako, rani duka. Har taswira na zana a baya, da rafin, da kwarin, da jan biro.

Na duba inda zan sa zancen irin, babu gurbinsa. Takardar abin da ake ɗauka ta tambaya, ba ta tambayi abin da ake mayarwa ba. Na ce kada in ɓata ta da rubutu a gefe, Dakta ba ya son ƙazanta. Na bar shi.

Shi ke nan. Na rubuta.

Juma'a, 12 ga Mayu, da yamma

Na sami Dakta Haruna yana goge sabuwar motarsa fijo da tsumma. Ya ce, "A'a, Tabita, gwanata!" Na ce, "Ranka ya daɗe, takardata ina take?" Ya ce ai ta fi ta kowa kyau, shi ya sa ya haɗa ta da rahoton da ya aika ofishin gandun daji, su ga irin ɗaliban da muke da su. Na ce an kama mutumin. Tsumman ya tsaya a hannunsa.

Ya ce shi bai aika don haka ba. Na yarda, har ga Allah na yarda. Ya ce gwamnan soja ya ɗaure fuska a kan yaƙi da hamada, ana neman waɗanda za a nuna wa jama'a, masu motocin itace kuwa ba sa kamuwa. Na gaya masa zancen irin. Ya ce, "Haba, Tabita! Me ya hana ki rubuta?" Na ce babu gurbi. Ya dube ni, na dube shi. Shi ya tsara takardar.

Ya ce in rubuta wasiƙar bayani, zai sa hannu. Ya ce in yi a hankali, ba a son ganin ɗalibai a ofisoshi kwanakin nan, tun zanga-zangar ɗalibai ta watan jiya.

Asabar, 13 ga Mayu, da la'asar

Na je. Da ban je ba.

Fatu sittin Baba Bawa ya tsoma a ruwan toka ran Lahadi, kwana ɗaya kafin a kama shi. Suna nan a kwatarniyoyi. Ya kamata a ce an fitar da su tuni an kankare. Sule yana can wajen Birnin Kebbi yana tuƙa tifa a kamfanin hanya, ya ce shi ya bar warin fata har abada, an aika masa bai zo ba.

Ina zaune Gambo ya yi sallama. Maƙwabcinsu ne, shi ma majemi, dogo mai in'ina. Sun daɗe ba sa ga maciji da Baba Bawa a kan magudanar ruwa, amma ya zo da wuƙarsa a hannu da ƙwaryar bagaruwa. Ya ce, "De-Delu, ki bar ni in fidda fatun nan. Kwana biyu nan gaba toka ta cinye su."

Inna Delu ta miƙe. Ban taɓa ganinta haka ba. Ta ce, "Kai? Kai za ka taɓa fatunai? Surukinka ba masinja ba ne a ofishin daji? Wa yak kai sunanai in ba kai ba? Munafiki! Fita mani gida. Allah ya isa tsakanina da kai!"

Gambo ya buɗe baki, in'ina ta riƙe shi, ya yi ta "wa-wa-wallahi" har mata suka leƙo ta katanga. Ya ajiye ƙwaryar ya fita. Ta bi shi da ita ta watsar a titi.

Ni ina kan tabarma, kofin ruwan da ta ba ni a hannuna. Kalma huɗu ce: Inna, ni na rubuta.  Na kurɓi ruwa.

Lahadi, 14 ga Mayu, bayan sujada

Na rera waƙa da ƙarfi fiye da kowa a coci. Tir da ni.

Litinin, 15 ga Mayu, da magariba

Da ƙyar nake riƙe biro. Tun safe muke fitar da fatun ni da Inna Delu. Na ce mata ai na ga yadda Baba ke yi, zan iya. Ƙarya nake, gani daban ne. Ruwan toka ya cinye mini tsakanin yatsu. Na ɗora fata a kan gungume na ja wuƙa, sai ga huji. Ta biyu ma huji. Inna Delu shekara talatin tana kallon aikin, amma ita daka da rini ta sani, ba ta taɓa riƙe wuƙar ba. Bakwai muka kankare, biyar sun yage.

Gambo na jin mu ta katanga. Na ji lokacin da ya daina nasa aikin ya yi shiru.

Na ce, "Inna, ko dai a kira shi?" Ta ce gara su ruɓe. Sannan ta kama hannuna ta shafa mini man gyaɗa, tana cewa, "Dubi hannun 'yar boko. Allah shi yi maki albarka, ɗiyata. Duk unguwag ga ke kaɗai kinka tsaya muna."

Na ce amin. Ya Ubangiji, na ce amin.

Laraba, 17 ga Mayu, da azahar

Ofishin gandun daji. Awa uku a kan benci, ƙarƙashin hoton bishiya mai cewa a dasa ɗaya. Wani babba mai farar riga ya karanta wasiƙata, ya jawo fayil, ya fito da takardata ta farko. Jan birona na nan raɗau.

Ya ce, "Wannan rubutunki ne?" Na ce e. "Wannan ma naki ne?" Na ce e. Ya ce, "To wacce za mu ɗauka? A nan kin ce yana kwasar buhu biyu duk mako. A nan kuma kin ce shi ya shuka dajin. Malama, a littafinmu kwarin nan tsiron Allah ne." Na ce a je a gani, ƙananan duk an kewaye su da ƙaya, Allah ba ya yi wa bishiya shinge. Bai yi dariya ba. Ya ce maganar ta wuce teburinsa.

Na tambaya ina aka ajiye shi. Ya ce yana hannun hukuma. Na tambaya yaushe za a kai shi gaban alƙali. Ya kira wanda ke bayana a layi.

Alhamis, 18 ga Mayu, da safe

Fatun sun lalace. Taɓawa kake su rabe kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Wari har bakin titi.

Alhamis, da yamma

Gambo ya ce kwana biyu. Ran Asabar ya faɗa. Da na yi magana ran Asabar da yanzu suna shanye a igiya. Asabar, Lahadi, Litinin. Ina ta lissafa kwanakin kamar za su canza.

Yanzu kuma dukawan da ke sayen fata a wurin Gambo biyu sun janye. An ce ko gaisuwarsa ba a amsawa a masallacin unguwa.

Juma'a, 19 ga Mayu, da la'asar

Mama ta dawo daga makarantarsu ta tarar da ni ban ci tuwon jiya ba, ban ci na yau ba. Ta ajiye littattafan yara ta ce, "Tabita, rediyo ya mutu kwana goma. Batir ne ko me?" Na fashe da kuka. Na gaya mata duka, har da kofin ruwan.

Na ɗauka za ta rarrashe ni. Ta bari na gama, ta ce, "Takardar kuskure ne, kowa na yi. Shirun nan kuwa ke kika zaɓe shi." Na ce tsoro nake ji, mu baƙi ne a garin nan, me za a ce, 'yar coci ta sa an ɗaure tsoho. Ta ce, "Kada ki laɓe a bayan coci. Shekara ashirin da biyu ina koyar da 'ya'yan garin nan, ba wanda ya taɓa ce mini baƙuwa sai ke yau. Ba tsoronsu kike ji ba, kunya kike ji." Ta ce gobe za ta raka ni wurin Inna Delu. Na ce a'a, ni kaɗai na je dajin, ni kaɗai zan je.

Ta sa mini tuwo ta tsaya a kaina sai da na cinye.

Asabar, 20 ga Mayu, bayan azahar

Na faɗa.

Na sami Inna Delu tana tankaɗe. Na durƙusa na ce, "Inna, ba Gambo ba ne. Ni na rubuta sunan Baba. Ni na zana hanyar." Na yi ta bayani, takarda, gurbi, Dakta, rahoto. Rariyar ba ta tsaya ba sai da na gama.

Ta ce, "Ran da Gambo yaz zo da wuƙa, kin sani?"

Na ce na sani.

"Ran da nish shafa maki mai, kin sani?"

Na ce na sani.

Ba ta zage ni ba. Na so ta zage ni, wallahi na so. Ta kaɗe hannunta, ta yafa gyale, ta fita. Na bi ta. Ta tsaya a ƙofar Gambo ta yi sallama da ƙarfi yadda duk layin zai ji, ta ce, "Gambo, na ɗau alhakinka. Na yi maka Allah ya isa a gaban mutane, ga ni a gaban mutane, ka yahe mani." Gambo ya fito yana ta "ba-ba-ba komai", hawaye na bin gemunsa. Ba ta ambaci sunana ba. Ba sai ta ambata ba, ina tsaye a bayanta kaina a ƙasa.

Da muka dawo na ɗauki tsintsiya zan share gari da ya zube. Ta karɓe ta daga hannuna. Ta ce, "Bari, kin gaji. Tahi gida."

Talata, 23 ga Mayu, da safe

Ban je ba. Ba a ce kada in je ba.

Alhamis, 25 ga Mayu, da yamma

An raba mana takardun yabo a jami'a, an gama aikin sa-kai. Tawa har da tambari, ɗalibar da ta fi ƙwazo. Aka tafa. Dakta Haruna bai yarda mun haɗa ido ba, amma da muka fito ya ce ya je wurin wani abokin karatunsa da ke sakatariya, akwai alamar haske. Na gode masa. Takardar tana ƙarƙashin katifa, ban nuna wa Mama ba.

A hanyar gida motoci uku shaƙe da itace suka wuce ni ta wajen Rugar Marke, za su gidajen burodi. Ba wanda ya tsayar da su.

Litinin, 29 ga Mayu, da magariba

An saki Baba Bawa. Mako uku cif. Gambo ne ya zo har Sabon Gari ya gaya mini, a kan kekensa. Ya ce an sa shi ya dangwala yatsa a takarda cewa ba zai sake taka gandun dajin ba, in ya taka ɗauri ne. Jakin ba a dawo da shi ba. Na ce yaya jikinsa. Gambo ya dubi ƙasa ya ce yana ɗingishi, kuma ba ya son a tambaye shi.

Na ce, "Ya sani?" Ya ce Delu ta gaya masa tun a ƙofar gida. Na ce me ya ce. Ya ce ya je ya tsaya a kan kwatarniyoyin ya daɗe, sannan ya nemi ruwan alwala.

Laraba, 31 ga Mayu, da hantsi

Na yi shiri, na kai bakin kasuwa, na dawo.

Lahadi, 4 ga Yuni, da la'asar

Ruwan farko ya sauka muna coci. Kowa na murna, yara na tsalle a tsakar gida, ƙamshin ƙasa ya cika gari. Ni kuwa buhun kawai nake tunawa, wanda ke jingine a zauren Baba Bawa.

Gambo ya aiko. Baba ya ce in zo gobe.

Litinin, 5 ga Yuni, da azahar

Ya rame. Hannuwansa sun fara washewa, baƙin bagaruwar na fita, ban taɓa ganin launin fatarsa ba sai yau. Yana zaune a zaure ƙafa ɗaya a miƙe. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Lahiya lau, Malama. Ya mutanen gida?"

Na ɗaga kai in ga ko tsokana ce. Ba tsokana ba ce.

Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Na yahe tun ina ciki. Can anka karanta mani takardar, na ji zancen rafi da kwari, na san mutum biyu nik kai." Ya ƙara da cewa, "Abin da kinka rubuta gaskiya ne, buhu biyu nika ɗauka. Rabin da kinka bari na yi ta jira su karanto, sai naj ji sun rufe."

Na ce babu gurbi. Da na ji kalmar a bakina sai na ji kunyarta ta kama ni har tafin ƙafa. Ya ce, "Bayan takardar fa? Kin samu wurin zana hanya."

Na sunkuyar da kai. 

Ya nuna buhun da haɓa. Ya ce, "Ruwa ya sauka, iri ba ya jira. Shekara arba'in ban taɓa bari ya kwana uku bayan ruwa ba. Ni an hana ni. Ke ad da takardar shiga ta ɗalibai." Ya koya mini: a taka da diddige, ƙwaya uku, a rufe da gefen ƙafa, kada a danne. Kada a shuka a inuwar manya. In na ga ƙarama shingenta ya faɗi in tayar. Ya sa na maimaita sau biyu kamar 'yar aji ɗaya.

Da zan tafi na tsaya a ƙofa ina jira. Ya ce, "Sauka lahiya, Malama."

Talata, 6 ga Yuni, da yamma

Gambo ya ɗora mini buhun a kekensa har dutsen iyaka, ya tsaya nan. Mai gadin daji ya duba takardata ta ɗalibai, ya buɗe littafinsa. Ya ce me zan fitar. Na ce ba fitarwa zan yi ba, kaiwa zan yi, iri ne. Ya bi layukan da yatsa daga farko har ƙarshe, ya juya shafi, ya dawo. Ya ce, "Babu inda zan rubuta wannan. Wuce."

Na ɗauki buhun a ka. Ban ɓata ba, ai ni na zana hanyar. Kwarin na nan, ƙasa a jiƙe, bagaruwar da ta faɗo tun watan jiya tana kwance ba mai tsinta. Ga turken da yake ɗaure jakinsa. Na cire takalmi na fara, diddige, ƙwaya uku, gefen ƙafa. Ƙaya ta soke ni sau ban san adadi ba, yanzu kam na taka ta. Shinge tara na tayar. Rana ta karkata kafin buhun ya ƙare.

Laraba, 7 ga Yuni, da hantsi

Na wanke buhun na ninke na kai. Inna Delu ta karɓa a bakin ƙofa. Na ce ina Baba, in gaya masa na shuka duka, shinge tara na tayar. Ta ce Sule ya zo jiya da tifa ya tafi da shi, an sama wa Baba aikin gadi a kamfanin hanya. Ita ma ƙarshen wata za ta bi.

Na leƙa ta bayanta. An kife kwatarniyoyin a jikin katanga, turmin ma an kife shi, kaza na tsaye a kansa.

Na ce, "Inna, ina da sauran shekara biyu a jami'a, takardata na aiki. Baɗi in ruwa ya sauka sai in zo in karɓi irin."

Ta dubi buhun da ke hannunta, ta miƙo mini shi.

Ta ce, "Wa zai daka?"